Don Zimmer: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mutumin da Ya Shekara 66 a Wasan Besbol

Idan ana lissafin gwanayen wasan besbol na Amurka, ba a sa Don Zimmer a sahun gaba. Amma da wuya mutum ya bi tarihin wasan daga 1949 zuwa 2014 bai yi ta cin karo da shi ba, wani lokaci a tsakiyar fili, wani lokaci a gefen tasha ta uku yana ɗaga hannu, wani lokaci a kan benci kusa da manaja. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Don Zimmer?

An haife shi ranar 17 ga Janairun 1931 a birnin Cincinnati na jihar Ohio. Ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi a 1949, yana ɗan shekara 18, ya fara daga ƙananan ƙungiyoyinta. Ya hau babbar gasa a watan Yulin 1954, ya yi kaka 12 a cikinta da Dodgers da Chicago Cubs da New York Mets da Cincinnati Reds da Washington Senators. Da ya ajiye sanda sai ya koma koyarwa, ya riƙe manyan ƙungiyoyi huɗu a matsayin manaja: San Diego Padres, Boston Red Sox, Texas Rangers da Chicago Cubs. Ya rasu ranar 4 ga Yunin 2014 a Dunedin ta jihar Florida, yana da shekara 83, kuma har ranar yana ma'aikacin ƙungiyar Tampa Bay Rays. Yakan yi alfahari da cewa bai taɓa karɓar albashi a wata sana'a ba sai wannan.

Ban san besbol ba. Mene ne aikin ɗan tsaron ciki?

Filin besbol yana da tashoshi huɗu da aka jera su a kusurwa huɗu: ta farko, ta biyu, ta uku, da gida. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, yana jefa ƙwallo ga mai bugu da ke tsaye a gida riƙe da sanda. In mai bugu ya sami ƙwallon sai ya sheƙa tasha ta farko. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In ƙwallon ta tsallake katangar fili, mai bugun da duk abokansa da ke kan tashoshi sun sami maki a sama. Masu tsaro mutum tara ne, aikinsu su fitar da masu bugu uku, daga nan a yi musayar wuri. Haka za a yi har zagaye tara.

Cikin taran nan, huɗu su ne 'yan tsaron ciki: mai tasha ta farko, mai ta biyu, mai ta uku, da wanda ke tsayawa tsakanin ta biyu da ta uku. Su ƙwallon ke riska da zafinta, tana tsalle a ƙasa, kuma dole su cafe su jefa kafin mai gudu ya taka tasha. Zimmer ya taso ne a matsayin mai tsayawa tsakanin tasha ta biyu da ta uku, gurbin da ya fi kowanne buƙatar zafin nama. Matsalarsa ita ce a Dodgers gurbin yana hannun kyaftin Pee Wee Reese, wanda babu mai tayar da shi. Dole ya koyi tasha ta biyu da ta uku, har a ƙarshen zamaninsa a Washington ya tsuguna bayan mai bugu yana cafe ƙwallo. Wannan yawo daga gurbi zuwa gurbi ne ya ba shi sanin fili da ya ci abinci da shi shekara 40 bayan haka.

Gaskiya ne akwai farantin ƙarfe a kansa?

Ba faranti ba ne, ko da yake 'yan jarida sun daɗe suna faɗin haka. Ranar 7 ga Yulin 1953, yana buga wa ƙaramar ƙungiyar St. Paul wasa a birnin Columbus, mai jifa Jim Kirk ya saki ƙwallo ta same shi a gefen kai. A lokacin da hular yadi ake bugu. Ya faɗi sumamme, ya yi kusan mako biyu bai san inda yake ba. Jini ya taru a kansa, likitoci suka huda ƙoƙon kan wuri huɗu don rage matsin, daga baya suka toshe hujojin da wasu ƙananan maɓallai na ƙarfen tantalum. Ya farka da ƙyar yake magana, ya rame ƙwarai, aka kuma ce masa wasa ya ƙare. Kafin abin ya faru, a rabin kakar nan kaɗai ya yi bugun tsallake katanga 23, ana kallon sa a matsayin magajin Reese.

Shekara guda bayan haka yana babbar gasa. A 1956 kuma Hal Jeffcoat na Cincinnati ya sake samun sa a fuska, ƙashin kuncinsa ya karye, idonsa ya taɓu, ya rasa sauran kakar. Ya sake dawowa. Duk wanda zai yi hukunci a kan alƙalumansa na bugu ya kamata ya fara da wannan: mutum ne da ƙwallo ta kusa kashewa, ya koma ya tsaya a wurin da ta same shi sau dubbai.

Shi ne dalilin da ya sa aka tilasta hular kwano?

Yana cikin dalilan, amma ba shi kaɗai ba. Tun 1920 ƙwallo ta kashe Ray Chapman na Cleveland, kuma ba a tilasta hular ba. Raunin Zimmer ya ƙara matsa lamba a lokacin da wasu ƙungiyoyi, musamman Pittsburgh Pirates, suka fara gwada hular. Rukunin National League ya wajabta kariyar kai a 1956, American League ya bi a 1958. Sai a 1971 aka tsaurara dokar, aka ƙyale tsofaffin 'yan wasa su zaɓa. Na ƙarshe da ya yi bugu ba hular kwano shi ne Bob Montgomery na Boston a 1979, kuma manajansa a shekarar Zimmer ne. A 1983 aka wajabta wa sababbin shiga hula mai rufe kunne.

Shin gwani ne a matsayin ɗan wasa?

Matsakaici ne. Ya buga wasa 1,095, ya yi bugun tsallake katanga 91. Cikin kowane bugu 1,000 da aka ƙirga masa, 235 ne suka kai shi tasha lafiya, alhali gwanaye kan kai 300. Kakarsa mafi kyau ita ce 1958, shekarar da Dodgers suka koma Los Angeles: ya kai 262 cikin 1,000, da tsallake katanga 17. An zaɓe shi wasan taurari a 1961 yana Cubs. A 1962 yana cikin waɗanda suka buɗe sabuwar ƙungiyar New York Mets ƙarƙashin Casey Stengel, ya yi bugu 34 a jere ba nasara, aka sallama shi ga Cincinnati tun a watan Mayu. Mets ɗin sun ƙare kakar da rashin nasara 120.

Ƙarfin damtsensa ya sa abokan wasa suka laƙaba masa Popeye, sunan wani jarumin zanen barkwanci. Yana da hannun jifa mai ƙarfi, ba ya tsoron karo, kuma ya yi wasa a ƙungiya ɗaya da Jackie Robinson, baƙar fata na farko da ya karya shingen wariyar launi a babbar gasa a 1947, da Roy Campanella da Duke Snider da Gil Hodges.

Wace rawa ya taka a kofin 1955?

Sau biyar Dodgers suna haɗuwa da New York Yankees a gasar ƙarshe ta World Series, a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953, duk suna shan kashi. A 1955 aka kai wasa na bakwai, na raba gardama, ranar 4 ga Oktoba a filin Yankees. Zimmer ne ya fara a tasha ta biyu. A zagaye na shida manaja Walter Alston ya cire shi ya sa George Shuba ya yi bugu a madadinsa. Wannan canji ya sa aka dawo da Jim Gilliam daga wajen fili zuwa tasha ta biyu, aka shigo da Sandy Amorós, ɗan Kuba, gefen hagu na waje.

Nan take Yogi Berra na Yankees ya buga ƙwallo can kusurwar hagu, Yankees biyu suna kan tashoshi. Amorós bahago ne, safarsa tana hannun dama, ɓangaren da ƙwallon ta nufa. Ya miƙa hannu a guje ya cafe, ya jefa wa Reese, Reese ya jefa wa Hodges, aka fitar da mutum biyu a lokaci ɗaya. Johnny Podres ya riƙe wasan har ƙarshe, 2 da 0. Shi ne kofi ɗaya tilo da Dodgers suka ci suna Brooklyn. Zimmer ya yi shekaru yana cewa babbar gudummawarsa a ranar ita ce fitar da aka yi da shi. Ya sake cin kofin da ƙungiyar a 1959.

Ya yi wasa a wajen Amurka?

Ƙwarai. Lokacin hunturu 'yan wasan zamanin kan tafi ƙasashen Karibiyan neman ƙarin kuɗi da gogewa. Ya yi wasa a Kuba, ya kuma yi a Puerto Rico da ƙungiyar Santurce, tare da Willie Mays da Roberto Clemente. Da suka ci gasar Karibiyan ta 1955 a Caracas, Zimmer aka zaɓa gwarzon gasar, duk da waɗannan manyan biyu suna ƙungiyar. A 1966 ya yi kaka ɗaya a Japan da Toei Flyers.

Mene ne bambancin koci da manaja a besbol?

Manaja shi ne shugaba, kwatankwacin wanda masu kallon ƙwallon ƙafa ke kira koci. Shi ke jera masu bugu, shi ke yanke lokacin da za a canza mai jifa, kuma yana sa riga da wando irin na 'yan wasansa. Kocoyi mataimakansa ne, kowa da fanninsa. Wanda ke tsaye a tasha ta uku shi ke ba mai gudu alamar ya wuce gida ko ya tsaya, cikin ƙiftawar ido.

Zimmer ya fara riƙe ƙananan ƙungiyoyi a 1967, ya zama kocin tasha ta uku na Montreal Expos a 1971, ya riƙe San Diego a 1972 da 1973, sannan ya tafi Boston. A wasa na shida na World Series ta 1975, zagaye na tara, yana tasha ta uku yana ihu Denny Doyle ya tsaya. Hayaniyar fili ta sa Doyle ya ji akasin haka, ya ruga gida, George Foster na Cincinnati ya jefo ƙwallo aka fitar da shi. Boston ta ci wasan daga baya, amma ta rasa kofin washegari.

Me ya faru a 1978, kuma laifinsa ne?

Wannan ita ce tambayar da ta bi shi har kabari. Ya karɓi Boston a tsakiyar 1976. A 1977 ya ci wasa 97, a 1978 ya ci 99, a 1979 ya ci 91. A tsarin yau, ƙungiya mai irin wannan sakamako za ta shiga wasannin share fagen kofi, amma a wancan zamani na ɗaya a rukuni kaɗai ke wucewa.

Ranar 19 ga Yulin 1978 Boston ta ba Yankees ratar wasa 14. Sai rauni ya yi wa 'yan wasanta yawa, Yankees kuma suka canza manaja daga Billy Martin zuwa Bob Lemon, mai jifansu Ron Guidry yana kakar da ya ci 25 ya rasa 3 kacal. Daga 7 zuwa 10 ga Satumba Yankees suka je filin Fenway na Boston suka cinye wasa huɗu a jere, maki 42 da 9. Boston ta farfaɗo, ta ci wasanninta takwas na ƙarshe, aka yi kunnen doki. Ranar 2 ga Oktoba aka buga wasa ɗaya na raba gardama. Boston na gaba da 2 da 0 har zagaye na bakwai, sai Bucky Dent na Yankees, wanda bai shahara da ƙarfin bugu ba, ya ɗaga ƙwallon Mike Torrez ta tsallake doguwar katangar hagu da mutum biyu a kan tashoshi. An tashi 5 da 4.

A ganina Zimmer yana da kaso cikin laifin, kuma ba ƙarami ba. Ya ci gaba da sa Butch Hobson a tasha ta uku alhali gwiwar hannunsa tana da ɓaraguzan ƙashi, har ya yi kuskure 43 a kakar. Ba ya hutar da manyan 'yan wasansa. Mafi muni, gaba ta shiga tsakaninsa da mai jifa Bill Lee, wanda ke yi masa ba'a a bainar jama'a, sai ya ajiye shi a benci. A wasan ƙarshe na waɗancan huɗun ya ba wani sabon yaro, Bobby Sprowl, ƙwallo, yaron bai ko gama zagayen farko ba. Nan zuciya ta rinjayi lissafi. Amma wanda zai ɗora masa rushewar Satumba dole ya ba shi ladan wasa takwas na ƙarshe, domin ƙungiyar da ta yanke ƙauna daga manajanta ba ta irin wannan dawowa. Magoya bayan Boston ba su yi masa wannan adalci ba. Sun yi ta yi masa ihu a fili da gidajen rediyo har aka sallame shi a ƙarshen 1980.

Ya ba da labari da bakinsa cewa da ya zama kocin Yankees a 1983, gidan da ya kama haya na Bucky Dent ne, ya tarar da hotunan wancan bugu a bango.

Ya taɓa wanke sunansa a matsayin manaja?

A Chicago. Bayan Texas ta sallame shi a 1982, ya yi shekaru yana koci a Yankees da Cubs da San Francisco Giants, har abokinsa na makarantar sakandare, Jim Frey, wanda ya zama babban jami'in Cubs, ya ba shi ƙungiyar a 1988. A shekarar ne aka fara wasan dare a filin Wrigley. Sun ci 77 suka rasa 85. A 1989 ba wanda ya sa su a lissafi, sai ga su da nasara 93 da kambin rukunin gabas. Akwai Ryne Sandberg da Andre Dawson da Mark Grace da matashi Greg Maddux, amma salon Zimmer ne ya ja hankali: yakan saki masu gudu a lokacin da littafin wasa ya ce a tsaya, yakan bi abin da zuciyarsa ta raya masa, kuma a wannan shekara kusan duk kasadar ta biya. Aka zaɓe shi gwarzon manajan National League. Giants suka fitar da su 4 da 1 a wasannin neman zuwa World Series. A watan Mayun 1991 aka kore shi. Jimillar sakamakonsa na manaja: nasara 885, rashin nasara 858, ba kofi.

To ina ya samo zobban zakara shida?

Zobe ne da ake ba 'yan ƙungiyar da ta ci World Series. Ya samu biyu yana ɗan wasa, huɗu yana kocin benci. A 1996 Joe Torre ya karɓi Yankees ya kira shi ya zauna kusa da shi. Kocin benci shi ne abokin shawarar manaja yayin wasa: yana hango zagaye biyu gaba, yana tuna masa wanda ya rage a benci, yana faɗa masa gaskiya in zai yi kuskure. Torre mutum ne mai sanyin hali, Zimmer mai son kasada, haɗin ya yi daidai. Suka ci kofi a 1996, 1998, 1999 da 2000. A farkon 1999, da Torre ya tafi jinyar cutar daji, Zimmer ya riƙe ƙungiyar wasa 36, ya ci 21.

Ina ganin wannan ne aikin da ya fi dacewa da shi a duk rayuwarsa. Yana da ilimin da manaja ke buƙata, an kuma ɗauke masa nauyin hulɗa da 'yan jarida da rarrashin masu girman kai, inda ya sha wahala a Boston. Matasa irin su Derek Jeter sun ɗauke shi kaka, Jeter har shafa kansa yake kafin ya fita bugu. A wasannin share fage na 1999 ƙwallon Chuck Knoblauch ta kauce ta same shi a kai yana benci. A wasa na gaba ya fito da hular kwanon soja.

Me ya haɗa shi da Pedro Martínez?

Ranar 11 ga Oktoban 2003 a Fenway, wasa na uku tsakanin Yankees da Boston na neman zuwa World Series. Martínez ya jefi Karim García na Yankees a baya, kusa da kai, aka yi ta musayar kalamai. Da Roger Clemens ya jefa wa Manny Ramírez wata ƙwallo sama-sama, sai 'yan wasan ɓangarorin biyu suka kwararo fili. Zimmer, yana da shekara 72, ya nufi Martínez a guje da hannu a ɗage. Martínez ya kama kansa ya ture shi gefe, dattijon ya faɗi ƙasa, aka kai shi asibiti.

Washegari ya zauna gaban 'yan jarida yana hawaye ya nemi gafara, ya ce ya ji kunyar abin da ya yi. An ci shi tarar dala 5,000, Martínez 50,000. Ba a kare abin da ya yi, shi ma bai kare ba. Amma wanda ya san Yulin 1953 ya san abin da ke tasowa a ransa idan ya ga ƙwallo ta nufi kan mutum. Martínez ya faɗa daga baya cewa wannan ne abin da ya fi nadama a duk zamanin wasansa.

Me ya sa ya bar Yankees?

Dangantakarsa da mai ƙungiyar, George Steinbrenner, ta lalace a 2003. Ya ce ba a mutunta shi da sauran kocoyi ba, ya tafi bayan sun rasa kofin a hannun Florida Marlins. Ba wannan ne karon farko ba: a 1995 ya bar Colorado Rockies ana tsakiyar wasa.

Da gaske a filin wasa aka ɗaura masa aure?

Da gaske. Ranar 16 ga Agustan 1951, a tashar gida ta filin Elmira a jihar New York, inda yake wasa a ƙaramar ƙungiya. Amaryar budurwarsa ce tun makarantar sakandare, kuma suna tare har rasuwarsa.

Mene ne labarin lamba 66?

Daga 2004 ya zama babban mai ba da shawara a Tampa Bay. Yakan sa kayan wasa ya fito atisaye, yana hira da matasa, kuma kowace shekara ana ƙara ɗaya a lambar rigarsa don ta dace da shekarunsa a sana'ar. Ya ga ƙungiyar ta kai World Series a 2008. A ƙarshen shekarar ya sami bugun jini, daga baya ciwon ƙoda ya sa shi wankin jini, a Afrilun 2014 aka yi masa aikin zuciya. Lambar tana 66 ya rasu. A Afrilun 2015 ƙungiyar ta jingine ta, ba wanda zai sake sa ta.

Yana cikin zauren karrama gwarzayen besbol na Cooperstown?

Ba ya ciki. Zauren yana auna ɗan wasa da alƙalumansa, manaja da kofunansa, kuma Zimmer bai kai ba ta kowane ɓangare. Babu gurbi na musamman ga kocoyi, duk da cewa su ke renon waɗanda ake karramawa, kuma ina ganin wannan giɓi ne da ya kamata a toshe. Mutanen da ya yi aiki da su da dama suna ciki: Robinson, Reese, Campanella, Snider, Hodges, Carl Yastrzemski, Jim Rice, Sandberg, Dawson, Maddux, Jeter, da Torre, wanda aka shigar da shi a watan Yulin 2014, mako bakwai da 'yan kwanaki bayan rasuwar Zimmer.